Kwana Tara a Dahab da Kyamarar da Ta Fi Ƙarfina

Ma'aikaciyar da ke auna kaya a filin jirgi ta dubi sikeli, ta dube ni, ta sake duban sikeli. Akwati biyu gare ni: ɗaya na tufafi da kayan nutso, ɗayan kuwa babu komai a cikinsa sai ƙarfe da gilashi da roba. Jakar da na goya ma tana neman ɓalle mini kafaɗa, domin dokar jiragen sama ba ta yarda a tura batiran litiyom na ajiya cikin manyan kaya ba, a hannu ake riƙe su. Ƙanena da muka taho tare yana gefe yana danne dariya. Shi duk kayan hotonsa sun shige aljihu guda na jakarsa.

"Yaya, wai hoto za mu ɗauko ko rijiya za mu haƙa?"

Ban tanka masa ba. A raina na ce bari mu shiga ruwa, a can za a bambance aya da tsakuwa.

A Sharm el-Sheikh muka sauka, muka hau mota muka miƙa arewa zuwa Dahab, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan kai. Hanyar ta ratsa duwatsun Sina'i, jajaye, tsirara, ko ciyawa babu. Kana cikin wannan ƙeƙasasshiyar ƙasa sai kawai teku ta bayyana a gabanka, shuɗiya shar. Wannan reshen Bahar Maliya ne da ake kira Mashigin Aƙaba, kuma idan gari ya yi wasai kana hango duwatsun Saudiyya a ɗaya hayin. Dalilin da ya sa na zaɓi Dahab shi ne yawancin wuraren nutsonta daga gaɓa ake shiga, da ƙafa. Wanda ke son koyon sabuwar kyamara yana bukatar ya shiga ya fito, ya gyara, ya sake shiga, ba tare da jiran jirgin ruwa ba.

Sai dai tun kafin tafiyar na riga na tafka kuskurena na farko.

Kyamara na fara saya. Na yi watanni ina kwatanta wannan da waccan, ina lissafin wadda ta fi girman faifan ɗaukar haske da wadda ta fi saurin kama abin da ke motsi, har na tsayar da wata babba mai sauya ido, wato gilashin da take kallo da shi. Sai da ta zo hannuna na fara neman gidan da zan saka ta in shiga da ita ruwa. Nan na gane cewa gidan kyamara ba akwati ba ne da za ka jefa kowace iri a ciki. Ɗinki ne na musamman, kamar riga da tela ya auna mutum guda ya yanka. Kowane maɓalli da ke jikin kyamarar akwai sanda ko ƙugiya a jikin gidan da aka saita ta faɗa kansa daidai, kowace sanda kuma da nata ɗan zoben roba mai hana ruwa bi. Idan kamfani ya fitar da sabon samfuri ya matsar da maɓalli ɗaya da faɗin farce, tsohon gida ya tashi aiki. Wasu kyamarorin ma, komai kyansu, babu wanda ya ƙera musu gida, ko kuma kamfani ɗaya ne tak ya yi. Tawa ta faɗa cikin waɗanda zaɓinsu bai da yawa. Da na san haka, da gidajen da ke kasuwa na fara dubawa, in ga wace kyamara ce masu ƙira da yawa suka yi wa hidima, sannan in saye ta.

Gidajen iri biyu ne a taƙaice. Akwai na alminiyom, irin waɗanda Nauticam da Sea&Sea da Subal da Aquatica ke yi, waɗanda ake sassaƙawa daga dunƙulen ƙarfe; da yawansu an rubuta suna jure zurfin mita 100. Akwai kuma na roba mai tauri, wadda Ikelite ya yi suna da ita, masu jure kusan mita 60, kuma bayansu garau yake, kana ganin kyamararka a ciki, idan ruwa ya fara shiga idonka zai nuna maka. Zancen zurfin nan bai kamata ya ruɗi kowa ba, tunda mai nutson shaƙatawa iyakarsa mita 40. Inda bambancin yake shi ne a hannu: yadda maɓallai ke faɗowa ƙarƙashin yatsa ba tare da ka ɗauke ido daga abin da kake ɗauka ba, da nauyi, da kuma kuɗi. Na alminiyom na ɗauka, kuma kuɗinsa ya zarce na kyamarar kanta. Wannan ba abin mamaki ba ne a wannan sana'a, haka abin yake a yawancin lokuta, ba a ma zo kan taga da fitilu ba tukuna.

Washegari da safe muka shiga ruwa a wurin da ake kira Lighthouse, a cikin garin. Jagoranmu Bamisre ne, ya manyanta, fatarsa duk rana da gishiri sun dafa ta. Ya dubi abin da na rungumo, ya tambaye ni sau nawa na taɓa nutso. Na faɗa masa. Ya gyaɗa kai kawai, ya ƙara mini darma ɗaya a ɗamara. Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, kusan giram 40 a kowace lita inda sauran ke da kusan 35, saboda haka tana tura mutum sama fiye da yadda ya saba.

Abin da na gani a ƙasa ba zan iya kwatanta shi da kyau ba. Murjani hawa-hawa, ƙananan kifaye masu ruwan lemo dubbai suna shawagi a kansa, wani kifi mai ratsin ja da fari ya baje ƙayoyinsa yana tafe a hankali kamar basarake. Na yi ta danna maɓalli. Hoto sama da 200 na ɗauka a nutso biyu. Da yamma na buɗe kwamfuta, ƙanena na leƙe ta kafaɗata, sai ga su nan duka shuɗi-shuɗi, kore-kore, kamar an wanke su da bula. Kifin da na gani ja ya koma ruwan toka. Waɗanda na kunna wa fitila kuwa sun cika da fararen ɗige-ɗige, sai ka ce hazo ya sauka.

A wurin da muke hayar tukwanen iska akwai teburi dogo da aka ware wa masu kyamara. Nan na haɗu da wani dattijo, Bature, wanda ya ce tun zamanin fim yake wannan aiki. Ya karɓi kwamfutar ya yi ta wucewa da hotunan bai ce uffan ba, can ya ɗago ya ce, "Ɗana, kyamararka lafiya lau take. Ruwan da ke tsakaninka da kifin ne ya yi yawa."

Na ce, "Baba, ai ban fi taku uku da shi ba."

Ya ce taku ukun ne matsalar. Ya jawo takarda ya zana mini. Ruwa ya fi iska kauri kusan sau 800, kuma yana shanye launuka ɗaya bayan ɗaya. Ja ne ke fara tafiya, kafin ka kai mita biyar ya kusa ƙarewa. Ruwan lemo ya bi shi, sai rawaya, sai kore, shuɗi ne kaɗai ke kaiwa can ƙasa. Wannan na sani tun a darasin nutso. Abin da ban lura da shi ba shi ne lissafin bai tsaya ga zurfi ba, har da nisan gefe. Hasken fitilata sai ya yi tafiya ya isa ga kifin, sannan ya dawo ga kyamara. In kifin yana mita biyu da rabi, hasken ya ci mita biyar ke nan, jan ya mutu a hanya. Shi ya sa komai ƙarfin fitilar walƙiya, amfaninta na gaske bai wuce mita ɗaya da rabi ko biyu ba. Duk kayan da ake saya don hoton ƙarƙashin ruwa, in ji shi, aikinsu ɗaya ne: su ba ka damar matsawa kusa.

Daga nan ne na fahimci abin da ya sa masu wannan aiki ido biyu kawai suke yawan magana a kai, kuma dukansu na gefe-gefe ne. Ɗaya mai faɗin gani ƙwarai, wanda ake kira idon kifi, da zai bar ka ka manne wa dutsen murjani amma duk da haka ya kwaso shi gaba ɗaya har da mai nutso a bayansa. Ɗayan na ƙananan halittu, mai milimita 60 ko 100, da ke cika hoto da abin da bai fi ƙwayar wake ba. Idon tsaka-tsaki da muke yawo da shi a tudu, wanda ni ma shi na ɗaura a ranar farko, shi ne mafi ƙarancin amfani a ruwa, don yana sa ka tsaya nesa.

Dattijon yana da hira. Ya ba ni labarin Louis Boutan, Bafaranshen da ya ɗauki hotuna a ƙarƙashin teku a 1893 a Banyuls-sur-Mer, da akwatin ƙarfe mai nauyin gaske, yana tsaye a ƙasa minti da yawa kafin hoto ɗaya ya kama. Ya faɗa mini yadda wani injiniya, Jean de Wouters, ya ƙera wa kamfanin su Jacques Cousteau, Bafaranshen nan mai binciken ƙarƙashin teku, wata ƙaramar kyamara mai suna Calypso wadda ba ta bukatar gida, da yadda Nikon ya karɓi ƙirar ya fitar da ita da sunan Nikonos a 1963. Shi da Nikonos V ya fara, wadda ta fito a 1984. Hoto 36 ne a fim guda, kuma ba a canja fim a cikin ruwa. Ya ce a lokacin idan ka ga kifi sai ka tambayi kanka ko ya cancanci ɗaya daga cikin talatin da shidan nan. Na tuna ɗari biyuna na banza, na yi shiru.

Kwana na uku na ɗaura idon kifi, a nan kuma na shiga makarantar taga.

Tagar ita ce gilashin da ke gaban gidan, inda idon kyamara ke leƙowa, kuma dabam ake sayenta. Akwai shimfiɗaɗɗiya, akwai mai kama da ƙwarya a kife. Haske idan ya fito daga ruwa ya ratsa shimfiɗaɗɗen gilashi ya shiga iska, karyewa yake yi. Shi ya sa duk wanda ya taɓa sa tabarau na nutso ya san abubuwa suna ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, suna kuma matsowa kusa. Ga mai ɗaukar ƙananan halittu wannan riba ce, ƙarin girma kyauta. Ga mai ido mai faɗi kuwa asara ce, domin tagar tana tsuke masa gani, ta kuma ɓata gefen hoto. Ƙwaryar ce ke gyara wannan, tana maido wa ido faɗinsa. Amma tana da nata sharaɗin da ba kowa ke faɗa maka ba. A cikin ruwa ƙwaryar kanta tana zama wani ido, tana ƙirƙiro siffar abin da ke gabanka ta ajiye ta dab da gilashin, a lanƙwashe. Kyamara ba ainihin kifin take kallo ba, wannan siffar take kallo. Saboda haka dole idon ya zama mai iya kama abu na kusa sosai, dole kuma ya zauna a daidai tsakiyar lanƙwasar ƙwaryar. Ana daidaita wannan da wani zoben ƙari da ake sakawa tsakanin gida da taga, kuma kowane ido da tsawon zoben da ya dace da shi. Masu ƙera gidaje suna da jadawalin wannan. Ni ban duba jadawalin ba, zoben da na samu kawai na saya. Tsakiyar hotunana ya fito tas, kusurwoyin kuwa kamar an shafa musu mai.

Dattijon ya ara mini nasa zoben, ya ce in tsuke ƙofar haske zuwa 8 ko 11. Bambancin ya fito a nutso na gaba. Babbar ƙwarya ta fi ƙarama gyara kusurwa, ita ce kuma ke ba da hoton nan da rabinsa ke sama rabinsa ke cikin ruwa, amma tana da nauyi a akwati, tana kuma jan ruwa. Ta gilashi ba ta saurin karcewa, ta roba kuwa tana karcewa amma ana iya goge karcen, kuma ba ta da nauyi. Tawa ta roba ce, matsakaiciya, kuma har yau ban yi da-na-sanin ta ba.

Fararen ɗige-ɗigen nan kuma laifin inda na ajiye fitilu ne. Ruwan teku, komai tsabtarsa, cike yake da ƙura da 'yan mitsi-mitsin halittu. Idan fitila tana kusa da ido tana haska gaba kai tsaye, duk ƙurar da ke tsakani sai ta maido da hasken cikin kyamara. Maganin shi ne a ɗora fitilu biyu a kan dogayen hannuwa masu gaɓoɓi, a ware su hagu da dama, a ja su baya da layin taga, a ɗan karkatar da su waje, yadda gefen haskensu ne kawai zai taɓa abin da ake ɗauka, ruwan da ke gaban ido ya zauna cikin duhu. Faɗa da baki sauƙi. A cikin ruwa, igiyar ruwa tana kaɗa ka, kana duba iskarka, kana kwance wannan gaɓa kana ɗaure waccan, kifin ya gaji da jira ya tafi. Idan aka ce in zaɓi inda zan zuba kuɗi tsakanin sabuwar kyamara da fitilu biyu nagari, yanzu ba sai na yi tunani ba. Tsohuwar kyamara da haske mai kyau ta fi sabuwa a duhu, nesa ba kusa ba.

Duk wannan fama da nake yi, ƙanena yana can yana shawagi da 'yar Olympus TG-6 ɗinsa. Ita kanta tana shiga ruwa har mita 15 ba gida, da gidanta na roba kuma tana kaiwa 45. Fitila ɗaya ya ɗaura mata. Rana ta huɗu ya miƙo mini ita a kan teburi.

"Yaya, duba wannan."

Wata 'yar halitta ce mai kama da dodon koɗi marar kwanso, tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba, jikinta ratsin baƙi da fari da ruwan lemo, da wasu ƙahoni biyu a ka da wani tuntu a baya. Kowane layi ya fito raɗau. A kan wannan dutsen na wuce da ƙatuwar kyamarata, ban ma gan ta ba, kuma da na gan ta ɗin ma babu abin da zan iya, tunda idon kifi ne a ɗaure. Wannan ita ce gaskiyar babbar kyamara: kafin ka shiga ruwa ka riga ka yanke hukunci, manya za ka ɗauka ko ƙanana, babu canji sai ka fito. Mai ƙaramar kyamara kuwa yana iya manna ƙarin ido a waje ko ya cire shi yana cikin ruwan. Na yaba masa, amma a maƙoshi abin ya tsaya mini.

Ba zan ce ƙaramar ta fi ba. Faifanta ƙarami ne, idan haske ya yi ƙaranci hoton yana yin tsaki-tsaki, idan aka buga shi babba rauninsa yana fitowa, kuma ba ta sakar maka ragamar saiti gaba ɗaya. Akwai na tsakiya, irin su Sony RX100, da mutane da yawa ke tsayawa a kansu. Amma wanda bai riga ya mallaki jikinsa a ruwa ba, babbar kyamara nauyi ce kawai. A wurin da ake kira Eel Garden na ga haka da idona. Farin yashi ne mai gangara, da wasu siraran kifaye masu kama da macizai ɗaruruwa da suka fito da rabin jikinsu daga ramuka suna rangaji. Ka matso da gaggawa, ko ka saki kumfa da ƙarfi, duk su shige. Jagoranmu ya kwanta a ruwa bai taɓa ƙasa ba, bai motsa hannu ba, numfashi kaɗai yake ɗaga shi yana sauke shi, har ya kai kusa da su. Ni kuwa gaban kyamarata yana ɗagawa sama saboda iskar da ke cikin ƙwarya, bayanta yana rinjaya ƙasa, wuyan hannuna ya ƙage, ƙafata ta daki yashi, ƙura ta tashi. Da muka fito ya ce mini, cikin ladabi, gobe in bar kyamarar a ɗaki mu yi nutso ɗaya hannu sake. Na ji haushi, amma na bi. Murjani yana ɗaukar shekaru kafin ya tsiro abin da filafilin ƙafa ɗaya zai karya a daƙiƙa.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta shida, kuma abin bai ma faru a cikin ruwa ba.

Kowane dare akwai hidimar da ake yi. A buɗe gida, a zare babban zoben roba daga kwarminsa da wani ɗan filastik marar kaifi, a goge kwarmin, a ja zoben tsakanin yatsu biyu ana lalube ko akwai yashi ko tsaga, a shafa masa mai ɗan kaɗan, iya yadda zai yi sheƙi. Man ba ya toshe ruwa, santsi kawai yake ba zoben don ya zauna daidai. In ya yi yawa ma datti yake kwasowa. Kuma kowane kamfani da man da ya ce a yi amfani da shi, domin wani man yana kumbura wani zoben. A daren nan na gaji, na yi abin a gurguje. Da asuba na rufe gidan, na ɗaura ɗan famfon da ke zuƙe iskar ciki. Dabarar ita ce idan iska ba ta samu hanyar komawa ba, ruwa ma ba zai samu ba. Wata 'yar fitila tana yin kore idan komai ya kama. Ta yi kore. Na tafi na shirya sauran kaya. Bayan kamar minti goma na dawo, sai na tarar tana ƙifta ja.

Na buɗe, na duba, ban ga komai ba. Dattijon ya miƙo mini gilashin ƙara girma da tocila. Ga shi nan kwance a kan zoben, ya gitta shi daga wannan gefe zuwa wancan: gashi ɗaya, gajere, daga gemuna. A mita 30 nauyin da ke danna gidan ya ninka na tudu sau huɗu, amma abin mamaki shi ne ba can ne aka fi samun ɓarna ba, don matsin yana ƙara danne zoben. A sama-sama ruwa ya fi shiga, wajen faɗawa ko a bahon ɗauraya, lokacin da babu abin da ya matse murfin. Famfon nan yana matse shi tun daga ɗaki. Lokacin sayayya har na so in bar shi, ina ganin ƙarin kashe kuɗi ne. Ruwan gishiri in ya taɓa cikin kyamara, ta gama. Na zauna a bakin gado riƙe da gashin a kan yatsa, hannuna yana rawa.

"Yaya, ko dai aski za ka yi?" in ji ƙanena.

A ranar muka je Blue Hole, ramin nan da ya yi suna, arewa da gari. Zurfinsa ya haura mita 100, kuma akwai wata ƙofa a jikinsa wajen mita 55 da ke ɓullewa teku, wadda ta ci rayukan masu nutso da yawa da suka nemi ratsa ta ba da shirin da ya dace ba. A jikin dutsen da ke bakin hanya an manna allunan tunawa da su. Mu ta wata tsaga da ake kira Bells muka shiga, muka gangara, muka bi bangon murjani yana damanmu, hagunmu kuwa shuɗi ne da ba shi da ƙarshe. Jagoran ya riga ya ja mini kunne cewa mai kyamara ya fi kowa mantuwa: yana leƙen hoto sai ya nitse mita biyar bai sani ba. Na ɗaure kyamarar da igiya a ƙirjina, domin a nan abin da ya suɓuce ya tafi ke nan.

Nutson da na yi tafiyar dominsa shi ne na Thistlegorm. Tun cikin dare muka koma Sharm el-Sheikh, muka hau jirgin ruwa na sa'o'i. Thistlegorm jirgin dakon kaya ne na Birtaniya, tsawonsa ya haura mita 120, wanda jiragen saman yaƙin Jamus suka nutsar a watan Oktoba na 1941 yana ɗauke da kayan soja. Cousteau ya gano shi a shekarun 1950, yana kwance a zurfin kusan mita 30. Igiyar ruwan wurin tana da ƙarfi, da igiya ake sauka, hannu bayan hannu. Ni hannu ɗaya gare ni, ɗayan yana riƙe da kaya masu faɗin buɗaɗɗiyar lema, ruwa yana fizgarsu. Na naɗe hannuwan fitilun, na manna kyamarar a ciki, na sauka ina haki.

A cikin rumbunan jirgin duhu ne, ga manyan motocin Bedford a jere, ga babura ƙirar BSA a bayansu, ga takalman roba a warwatse. Wurin a matse yake, rufin yana dab da kai, wanda ya riga ka shiga ya riga ya tada laka. Na tsaya a gaban wani babur, na tuna zanen dattijon. Na matsa har ƙwaryar ta kusa taɓa fitilar gabansa, na ware nawa fitilun na ja su baya, na rage musu ƙarfi, na sassauta numfashi har jikina ya tsaya cak. Sau uku na danna. A na ukun tsatsar ta fito ja, jan gaske, tayar da ta shekara sama da tamanin a ruwa ta fito da zanenta, can baya kuma ta wata kafa haske shuɗi yana zubowa, inuwar ƙanena tana gittawa. Na duba ma'aunin iska, na ga lokacin juyawa ya yi. A mita biyar muka rataye a igiya na minti uku kamar yadda aka saba, ruwa yana kaɗa mu kamar shanya, ni kuwa sai sake kunna hoton nake yi ta bayan gilashin gidan.

Ranar ƙarshe ba a nutso, saboda ana son mutum ya ba jikinsa aƙalla sa'o'i 18 bayan nutso a jere kafin ya hau jirgin sama, mu kuma muka ba shi kwana guda cur. Na jiƙa gidan a ruwan daɗi, na yi ta danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya don gishirin da ya maƙale ya fita, na zare zobban na saka su a 'yar jaka don kada su daɗe a danne. Na mayar wa dattijon zoben ƙarinsa, na kwafi tsawonsa a bayan tikitina. Cikin hotuna fiye da dubu da na ɗauka, goma sha ɗaya na ware. Ƙanena ya ware ashirin da wani abu, bai kuma bar ni na manta ba.

Muna cikin ɗaure akwatuna ya ɗauki ƙwaryar ya ɗaga ta saitin taga yana juya ta.

"Yaya, in ka tashi canja wannan gidan, ni za ka ba?"

Na ce masa sai ya fara sayen kyamarar da ta dace da shi, irin tawa sak, ba wadda ta gabace ta ba, ba wadda ta biyo ta ba. Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ajiye ƙwaryar a hankali, ya mayar da 'yar kyamararsa aljihun jaka ya ja zif.